Baba Saisaye da Sumar Dutse

A layinmu babu wanda bai san shagon Baba Saisaye ba, shagon nan mai ƙofar gilashi da ke maƙale tsakanin na tela da na mai gyaran waya. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan yana riƙe da almakashi. Sunan ma bakinsa ne ya jawo masa. Duk wanda ya zauna a kujerarsa, tun bai faɗi irin askin da yake so ba, Baba zai ɗaura masa ƙyalle a wuya ya ce, "Saisaye dai ko?" In ka ce ƙwal-kwabo kake so, sai ya ce to, bari a fara da saisaye. A wurinsa babu abin da ya lalace a duniya wanda rage masa tsawo ba zai gyara ba.

Shi kam babu abin saisayewa a kansa. Sanƙo ya gama da shi tun yana ɗan shekara talatin, ya bar masa 'yan silli a bayan kunne don kada a ce an yi masa rashin adalci. Tela, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa na shekara da shekaru, yakan ce ranar da madubin shagon ya fashe ba sai an sayi wani ba, Baba ya sunkuyar da kai kawai mutane su duba fuskarsu.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar. Shekara biyu yana sharar gashi da wanke mataji kafin a bar shi ya taɓa ƙeyar mutum, kuma har gobe yana ba da wannan labari ga duk wanda aska ke wuyansa, tunda ya san ba shi da halin tashi. Da almakashin nan ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya sa su makaranta, ya aurar da su. Sai dai hannun ya saba har ya wuce gona da iri. Da ya ga abu ya yi tsawo, yatsunsa biyu sai su fara buɗewa suna rufewa su kaɗai. Tsintsiyar Inna, matarsa, ta sha saisaye har ta koma buroshi. Gezar shimfiɗar falo ta tafi. Akwai ranar da ya daidaita wa kyanwar gidan gashin baki, tun daga ranar ta kwashe nata-ya-nata ta koma gidan Tela.

Cikin surukansa akwai mijin Auta, wani siririn mutum mai aikin haɗa wayoyin lantarki, wanda sai ka matsa kusa kake jin abin da yake faɗi. Ba ya faɗa da kowa, ba ya ɗaga wa Auta murya. Aibinsa ɗaya ne a wurin Baba, akwatin kifi. Wani akwatin gilashi ne mai tsawon tebur, cike da ruwan gishiri irin na teku, da fitila a samansa, da ɗan inji mai juya ruwan ba tsayawa. A ciki akwai kifaye uku masu launi kamar an shafa musu fenti, da tarin duwatsu masu ramuka, sai kuma abin da mijin Auta ya fi ƙauna, wato murjani. Ba irin na wuyan mata ba. Wannan mai rai ne, mai laushi, da rassa biyar kamar yatsun hannu, in yana cikin jin daɗi sai wasu ƙananan furanni su fito su lulluɓe jikinsa. Yana kamar kan ɗan yatsa mutumin ya samo shi. Shekara huɗu yana rainonsa kafin ya kai tafin hannu.

"Kifin da ba a ci, da dutsen da ba a gini da shi," in ji Baba. "Da kaza yaron nan ya kiwata, da yanzu Auta na cin ƙwai." Bai taɓa kiransa da komai ba sai Mai Kifi.

Ana nan sai wurin aiki suka tura Mai Kifi ƙaro ilimi wani gari na wata uku. Da Auta za su tafi, mai gidan hayarsu kuma ya ce zai sauya rufi kafin su dawo, don haka dole akwatin ya nemi masauki. Mai Kifi ya zo gaisuwa, ya faɗa a hankali cewa akwai abokinsa da ya san harkar, shi zai kai wa. Nan Baba ya ji an taka shi.

"Yara biyar na raina babu wanda ya kwana da yunwa. Kifi uku ne za su gagare ni, har sai an kai wa bare?"

"Ba haka ba ne, Baba. Abin ne yana da ɗan wuyar sha'ani."

"Ka taɓa yi wa ɗan shekara biyu aski? To, kawo shi shago."

Yini guda Mai Kifi ya ɗauka yana jigilar ruwa da duwatsu da kifaye, har ya girka akwatin a jikin gilashin shagon, ya ja labule ya tare shi daga rana. Da ya gama sai ya tsaya a bayan Baba yana bayani: abinci sau ɗaya a rana, abin da yatsu biyu suka ɗauka, fitila awa takwas, in ruwan ya ragu a ƙara daga jarkar tataccen ruwa da ya bari, in ta ƙare a kira abokin nan. Baba na kan ƙeyar wani direba, yana ta cewa, "Na ji, na ji." Kafin Mai Kifi ya fita sai da ya sake komawa ya leƙa murjanin, ya ce, "Amana, Baba."

"Je ka, kada mota ta bar ku."

Washegari Baba ya yaye labulen. Abu mai kyau haka a ɓoye shi? Masu wucewa suka fara tsayawa kallo, wasu su shigo kallo su fita da aski. Fitila kuwa da buɗe shago ake kunna ta, sai an tashi a kashe, ga ranar yamma na dukan gilashin kamar an aiko ta. Duk wanda ya gaji da jiran layi sai ya buɗe gwangwanin abincin kifin ya barbaɗa, Baba ba ya hanawa, don shagonsa ba gidan rowa ba ne. In Inna ta kawo masa abincin rana ita ma sai ta tsaya.

"Dubi yadda suke buɗe baki, Baban Auta. Yunwa ce."

"Haka suke numfashi."

"Kai ka taɓa zama kifi?" Sai ta zuba musu rabonsu.

Mako uku jarka ta ƙare. Baba ya dubi lambar abokin da aka rubuta a jikinta, ya dubi famfon da yake wanke mataji, ya ce ruwa ai ruwa ne.

A mako na huɗu wani ɗan koren tsiro ya bayyana a kan babban dutsen, kamar gemun saurayi. Tela ne ya fara gani. Ya tsaya da awo rataye a wuya, ya dubi dutsen, ya dubi kan Baba, ya sake duban dutsen.

"Ikon Allah. Shekara talatin kana shafa mai iri-iri, ga dutse ya riga ka a wata ɗaya."

Baba ya ce ya fita masa daga shago. Amma kafin mako ya zagayo tsiron ya kai tsawon ɗan yatsa, kore shar, yana kaɗawa a ruwa hagu da dama kamar sumar da ba ta ga mataji ba tun haihuwa. Baba yana askin mutane, idonsa na can. Yatsun nan biyu suka fara aikinsu. Kwana biyu ya daure. Rana ta uku da hantsi, babu kowa a kujera, ya tafasa almakashi, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki ƙaramin mataji.

A gaskiya askin ya yi kyau. Ya taje ta sama, ya rage, ya daidaita gefe da gefe, har layi ya fitar mata a bakin dutsen. Abu ɗaya ne bai lissafa ba. A shago gashi ƙasa yake faɗuwa a share shi. A cikin ruwa babu ƙasa, babu mai shara. Injin nan ya kwashi guntayen ya watsa su ko'ina, suka shige ramukan duwatsu, suka maƙale a yashi. Baba ya ce za su kwanta da kansu.

Sun kwanta ɗin. Bayan mako guda kowane dutse ya yi suma, yashi ya yi, har jikin injin ya yi gashin baki. Baba bai ga wani abin mamaki ba, ai kowa ya san aski na sa gashi ya yi kauri. Maganinsa a dawo da wuri. Ya sake saisayewa. Ya mayar da shi sau biyu a mako.

"Ka samu wanda ba ya motsa kai, ba ya gardama," in ji Tela. "Saura ka nuna masa madubi ta baya."

Kifayen ba su damu ba, sun yi ɓul-ɓul. Murjanin ne ya fara sauyawa. Furannin jikinsa suka daina fitowa. Ya tsuke, ya yi sumul, launinsa ya dusashe, koren zaren nan ya nannaɗe gindinsa ya fara hawa yatsun. Wannan kam ya hana Baba sakat. Kifi in ya mutu akwai wani a kasuwa. Shekara huɗun mutum fa, a ina ake sayo ta? Kuma ba roƙonsa aka yi ba, shi ya buɗe baki ya ce a kawo.

In Auta ta kira ta waya mai hoto, sai ya juya wa akwatin baya, ya cika fuskar wayar da kansa.

"Baba, wai yana son ya ga murjaninsa."

"Barci yake yi."

"Murjanin?"

"Ke kin san shi ne? Ki gaishe da mijinki, ina da mutum a kujera."

Inna ta ce ya kira yaron ya faɗa masa gaskiya. Tela ya ce ai wanzami ba ya son jarfa, shekara arba'in yana juya kan mutane, ba zai yarda a juya nasa ba. Baba ya yi musu kunnen uwar shegu. Sai wata safiya, saura mako biyar su dawo, ya buɗe shago ya tarar murjanin ya kwanta gefe ɗaya kamar hannun da aka gaji da ɗagawa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna a kujerar masu aski, abin da ba ya yi, ya latsa lambar surukinsa.

Gaisuwa ta yi tsawo. Baba ya tambayi karatu, ya tambayi gari, ya tambayi ko ana samun ruwan sama, har ya rasa abin tambaya.

"Dutsen nan naka," ya ce, "ya saba yin suma?"

Mai Kifi ya ce, "Wace irin suma, Baba?"

"Koriya."

"Ku ɗan juyo min wayar in gani."

Baba ya juya. Ya jira har ya zaci layin ya yanke.

"Kana nan?"

"Ina nan, Baba. Gansakuka ce, irin mai kama da gashi. Takan fito. Sai dai ban taɓa ganin ta fito tsawo ɗaya haka ba, kamar an daidaita ta."

"Na ɗan taɓa ta."

"Da me, Baba?"

"Da abin da ake taɓa suma."

"Sau nawa?"

"Huɗu. Biyar da na shekaranjiya."

Daga nesa Baba ya ji wata dariya da ya sani tun tana cikin zanen goyo, sannan ya ji an rufe ƙofa. Mai Kifi bai yi dariya ba. Ya yi gyaran murya, ya zaɓi kalmominsa ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya ce gashin mutum in an yanke ya mutu ke nan, amma wannan kowane guntu iri ne, inda ya sauka nan zai tsira. Ya ce kuma ruwa ba ya tsami banza, abu uku take ci: ragowar abincin kifi, da haske, da wasu abubuwa da ke cikin ruwan famfo waɗanda ido ba ya gani. Bai tambayi wa ya yaye labule ba. Bai tambayi ina jarka ba. Wannan rashin tambayar ya fi wa Baba zafi a kan zagi.

"Zai rayu?" in ji Baba.

"Ban sani ba, Baba. In an bi shi a hankali, wataƙila."

"Faɗi, ina ji." A karon nan ya ɗauki biro.

Magani dai shi ne tsiga. A kashe inji, a kama ta daga tushe da yatsu, a murɗa a tsige, ga bakin tiyo kusa yana zuƙe duk abin da ya kuɓuce zuwa bokiti. Inda yatsa bai shiga, a sa buroshin haƙori. Ruwan da aka zuƙe a mayar da sabon haɗin ruwan gishiri. Labule ya koma, fitila awa biyar, abinci abin da yatsu biyu suka ɗauka. Abokin nan zai kawo ruwa da dodon koɗi na teku guda shida, su suna cin ta, amma gajeriya kawai, ba sa taɓa doguwa.

"Ato," in ji Baba, "ashe dai sai an rage musu tsawo."

"Tsiga, Baba. Ba yanka ba."

Duk wanda ya san masu aski ya san babu abin kunya a wurinsu kamar a ce ƙarfenka ya tsige wa mutum gashi. Baba yakan yi alfahari cewa tunda yake bai taɓa sa wani ya ce wash ba. Ga shi yau da furfurar bayan kunnensa, hannu cikin ruwa har gwiwar hannu, yana fizgar suma daga tushe kamar mai figar kaza. Kullum da safe kafin ya karɓi kowa sai ya yi awa guda a haka. A jikin murjanin kuwa da ɗan hantsaki yake bi, zare ɗaya-ɗaya, yana riƙe numfashi.

Baren nan da Baba ya ƙi ya zo da jarkoki da dodon koɗin a leda, ya yi gaisuwa da ladabi, ya dubi akwatin, ya cije leɓe, ya tafi. Dodon koɗin suka kama aiki, suna tafe a hankali suna barin dutse fes a bayansu. Baba ya tsaya ya duba aikinsu da idon sana'a, ya ce ba laifi, hannunsu na da tsabta, sai dai da a shago suke da layi ya kai titi.

Gwangwanin abinci ya koma aljihun Baba. Inna ta zo ta laluba inda yake ba ta gani ba.

"Alhakin bayin Allahn nan a wuyanka, Baban Auta."

"Likita ya hana."

"Wane likita?"

"Surukinki."

"Yau kuma shi ne likita? Ba Mai Kifi ba?"

Baba ya ce abinci na hucewa.

Makon farko kamar ana zuba ruwa a kwando, abin da ya tsige da safe kafin jibi ya leƙo. Na biyu tsiron ya fara yin fari-fari, yana fita ba gardama. Murjanin dai yana nan a tsuke, bai mutu ba, bai ce komai ba. Tela ya rage tsokana da kansa, in ya shigo sai ya ɗaga gefen labule ya leƙa, ya ce, "Yaya mai jiki?" Baba ya ce da sauƙi, ko da babu sauƙin.

A mako na huɗu, yana tsakiyar askin wani malamin makaranta, ya hango ta madubi wata 'yar siririyar fata kamar ta albasa na saɓulewa daga jikin murjanin. Ya ajiye almakashi. Ya matsa kusa, sai ya ga a ƙarƙashinta wasu 'yan ɗigo-ɗigo sun fito a yatsa biyu, suna buɗewa. Ya tsaya yana ƙirga su. Malamin ya zauna da rabin kai har sai da ya ce, "Baba, in hutun rabin lokaci ne a faɗa min."

Ranar da suka dawo, Mai Kifi daga tasha shagon ya wuto da jaka a kafaɗa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa cikakkiya, bai rage ko ɗaya ba, amma wuyansa na karkata. Baba ya ce, "Tashi ka duba kayanka, kafin wuyan ya karye."

Duwatsu fes, sai ɗan kore nan da can a lungu. Murjanin ya miƙe, yatsu huɗu sun yi furanni. Na biyar, ƙaramin da ke gefe, kansa ya yi baƙi ya yi laushi. Mai Kifi ya daɗe yana kallonsa.

"Wannan ya ruɓe. In ba a cire ba zai bi sauran."

"To cire."

"Ban taɓa sa masa ƙarfe ba, Baba." Ya dubi hannun Baba. "Ana so a yanke a bugu ɗaya, ƙasa da baƙin kaɗan. In aka yi ta gurzawa sai ciwon ya ƙaru."

Baba ya naɗe hannun riga. Ya ɓare sabuwar reza, ya wanke hannu sau biyu. Mai Kifi ya ɗago ɗan dutsen da murjanin ke kai ya sa a roba cike da ruwan akwatin, ya nuna wurin da tsinke. Baba ya sunkuya, ya tallafi yatsan da ɗan yatsansa kamar kunnen jariri. Tela da ke bakin ƙofa ya ce shi bai ga lokacin da hannun ya motsa ba, sai dai ya ga baƙin a gefen roba.

Murjanin ya tsuke gaba ɗaya, ya yi fushi. Mai Kifi ya ce haka yake yi, sai ya kwana biyu. Baba ya ce to babu inda za a kai akwatin, ba a tafiya da mara lafiya. Kwana shida suka yi suna leƙe, suruki da suruki, kai biyu a jikin gilashi ɗaya. Rana ta bakwai furannin suka fito, wurin yankan ya rufe sumul. Sannan aka kwashe akwatin aka mayar ƙarƙashin sabon rufi.

Yanzu duk bayan kwana biyu Baba kan rufe shago da la'asar ya ce zai je ya duba Auta. Takan buɗe masa ƙofa da murna, ya amsa gaisuwarta yana tafiya, ya wuce ta ya nufi falo, ya sa tabarau.

"Baba, ni ma fa ina nan."

"Na gan ki. Ke ai lafiyarki ƙalau. Wa ya bar labulen nan a buɗe?"